Gani Ya Kori Ji: Annabi Yunusa a Hannun Masassaƙan Turai

A wajejen shekarun 1460, a wani gari na yankin da ake kira Holan a yau ko kuwa maƙwabtansa, wani masassaƙi da tarihi bai adana sunansa ba ya zauna gaban allon itace da ƴar wuƙarsa a hannu. An riga an zana masa hoto a kan allon. Nasa aikin shi ne ya ƙwaƙule duk inda babu zane, ya bar layukan a tsaye, ta yadda idan aka shafa tawada, aka ɗora takarda, aka murza bayanta, hoton zai fito. Har rubutun Latin da ke kewaye da hoton da wuƙa yake fitar da shi, harafi bayan harafi, kuma a baibai, domin in bai sassaƙa shi a juye ba, ba zai karantu a takarda ba. Wuƙa kuwa ba alƙalami ba ce, abin da ta cire ya ciru ke nan. A ɓangaren dama na hoton akwai ɗan ƙaramin jirgin ruwa, matuƙansa suna jefa wani mutum cikin teku, ga ƙaton kifi a ƙasa ya wage baki yana jira. Mutumin da ake jefawa shi ne Annabi Yunusa ɗan Amittai, wanda Musulmi suka sani da Yunusa ɗan Matta, Alaihis Salam.

Littafin da wannan masassaƙi yake yi wa aiki shi ne wanda daga baya aka laƙaba wa suna Biblia pauperum, wato Littafi Mai Tsarki na talakawa. Sunan yana da ɗan ruɗi, domin talakan da bai iya Latin ba, bai kuma san labaran annabawa tun da fari ba, babu abin da zai tsinta a ciki sai kallo. Shafi arba'in ne, kowane da tsari iri ɗaya: a tsakiya wani abu daga rayuwar Annabi Isa kamar yadda Kirista suka ruwaito ta, a hagu da dama labari biyu daga littattafan Bani Isra'ila, sama da ƙasa kuma annabawa huɗu riƙe da naɗaɗɗun takardu. Yunusa ya fito a shafin da ake sa Almasihu cikin kabari, daura da Yusufu da ƴan'uwansa ke jefawa rijiya. Ya sake fitowa a shafin tashi daga matattu, yana fita daga bakin kifi, daura da Samson ɗauke da ƙyamaren birnin Gaza. Shiga ciki da fita waje, iyakar abin da allon ya nema daga gare shi ke nan.

Wanda ya koma ga littafin Yunusa na Ibrananci zai yi mamakin wannan rowa. Littafin gajere ne, babi huɗu, aya 48, kifin kuwa a aya uku kacal aka ambace shi. Sauran duk labarin mutum ne da Ubangijinsa. An umarce shi ya tafi Nineba, babban birnin Assuriyawa a bakin kogin Dijla, ya yi musu gargaɗi, sai ya gangara Yafa ya biya kuɗin jirgi zuwa Tarshish, wato ya ba gabas baya ya nufi ƙarshen yamma. Assuriyawa ba baƙi ba ne ga mutanensa. Littafin Sarakuna ya ambaci Yunusa a zamanin sarki Yerobowam na biyu, cikin ƙarni na takwas kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a cikin wannan ƙarnin ne daular Assuriya ta rushe masarautar Isra'ila ta arewa. An aike shi ne ga abokan gaba. Bayan guguwa da ƙuri'a da kwana uku a cikin kifi, ya shiga birnin ya yi shelar cewa saura kwana arba'in a kifar da shi. Sai abin da bai so ba ya faru: mutanen suka tuba, tun daga sarki har talaka, har dabbobi aka sa su azumi, Allah kuwa ya janye azabar. A nan ne littafin ya kai inda yake son zuwa. Yunusa ya fusata, ya fita gabas da birni ya kafa rumfa ya zauna yana jiran ya ga abin da zai faru. Allah ya tsirar masa da wani tsiro ya yi masa inuwa, ya ji daɗi ƙwarai. Da gari ya waye tsutsa ta ci tsiron ya bushe, iskar gabas mai zafi ta taso, rana ta bugi kansa har ya roƙi mutuwa. Littafin ya ƙare da tambayar da Allah ya yi masa: shi da ke jin zafin tsiron da bai shuka ba, bai yi wa ban-ruwa ba, yaya za a ƙi tausaya wa birni mai mutum fiye da 120,000, ga kuma dabbobi masu yawa? Ba a rubuta amsar Yunusa ba.

Yahudawa, waɗanda littafin nasu ne tun asali, suna karanta shi dukansa da yammacin Yom Kippur, ranar azumi da neman gafara, saboda tuban mutanen Nineba ne abin tunawa a wannan rana. Da suka fara buga cikakken littafinsu da Ibrananci a garin Soncino na Italiya a 1488, ado suka yi wa haruffa, ba su siffanta annabi ba. Hoton Yunusa da ya cika Turai aikin Kirista ne, kuma dalilin Kirista ne ya zaɓi abin da za a nuna. A Linjilar Matiyu, Annabi Isa ya kwatanta kwana ukunsa a cikin ƙasa da kwana ukun Yunusa a cikin kifi. Daga nan malaman coci suka riƙa karanta Yunusa a matsayin inuwar abin da zai zo, alama mai nuni ga wani. Mutumin da aka mayar alama kuwa ba a tambayarsa halinsa. Fushinsa da gardamarsa da Ubangiji ba su dace da kowane shafi na rayuwar Almasihu ba, don haka wuƙa ta ƙwaƙule su tare da sauran itacen da ba a bukata.

Ba Yunusa kaɗai aka yi wa haka ba, kuma ba da mugunta aka yi ba. Sassaƙa allo ɗaya aiki ne na kwanaki, ga tsada, shi ya sa masu ɗab'i suka saba juya allo ɗaya ya yi musu aiki goma. Babban misali shi ne littafin tarihin duniya na Hartmann Schedel, wanda Anton Koberger ya buga a Nuremberg ta Jamus a 1493. Hotuna 1,809 ne a cikinsa, amma allunan da aka buga su da su 645 ne. Fuska ɗaya mai gemu takan zama wane a wannan shafi, ta zama wani dabam a can gaba, suna kawai ake canzawa. Hoton gari ɗaya ya tsaya a madadin Dimashƙa, ya kuma tsaya a madadin Mantuwa ta Italiya. Mai saye bai ɗauki wannan a matsayin zamba ba, domin ba kamanni yake nema ba, alama yake nema da za ta gaya masa nan gari ne, nan sarki ne, nan annabi ne. To a irin wannan kasuwa, annabin da ke da abin shaida ya tsira daga ɓata cikin taron masu gemu. Musa yana da allunansa, Dawuda yana da molonsa da kambinsa, Daniyel yana da zakoki. Yunusa kuwa kifi ne shaidarsa. Kifin ya sa an san shi, shi ne kuma ya rufe shi.

Abin dariya a nan shi ne masassaƙan ba su san dabbar da suke sassaƙawa ba. Ibrananci babban kifi kawai ya ce, bai faɗi iri ba. Fassarar Girkanci ta kira shi ketos, sunan da Girkawa ke ba dodon teku, kuma da wannan kalma ya shiga Linjilar Matiyu, daga can harsunan Turai suka mayar da shi ƙatuwar dabbar tekun nan da Faransawa ke kira balen. Mai sassaƙa da ke zaune a Augsburg ko Nuremberg, nesa da teku, sai ya ɗauki kifin da ya sani a kasuwa ya kumbura shi, ya yi masa ɓawo da haƙora da ido kamar na sa. Wani lokaci kifin bai fi mutumin da zai haɗiye girma ba. Albrecht Durer, wanda ya yi koyon sana'a a shagon Michael Wolgemut, shagon da ya sassaƙa hotunan littafin Schedel, mutum ne da ba ya yarda da jita-jita in ido zai iya gani. A ƙarshen 1520, ya ji labarin teku ta jefo wata ƙatuwar balen a gaɓar Zelanda. Ya ɗauki hanya cikin hunturu, ya shiga jirgi, har ya kusa halaka da iska ta fizge jirgin daga gaɓa. Da ya isa, sai ya tarar ruwa ya riga ya janye dabbar. Bai gan ta ba. Ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa a can ne wata baƙuwar cuta ta kama shi, kuma masana da yawa suna ganin ita ce ta riƙa cin sa har ya rasu a 1528. A 1598 Jacob Matham ya zana a farantin tagulla wata balen da ta mutu a gaɓar Holan, bisa zanen Hendrick Goltzius, hoton ya bazu, masu zane suka sami abin kwaikwayo.

Mai karatu Musulmi zai iya tsayawa a nan ya ce, ina ruwansa da wannan, tun da siffanta annabi abu ne da malamansa suka hana? Tambaya ce mai nauyi, kuma Turawan kansu sun yi ta faɗa a kanta. A Wittenberg an fasa gumaka da hotunan coci a 1522, a Holan aka yi wanda ya fi shi muni a 1566. A ɗaya ɓangaren kuma, a Tabriz ta Farisa, cikin farkon ƙarni na 14, masu zanen da suka yi wa waziri Rashiduddin ado a littafinsa na tarihi, Jami'ut Tawarikh, sun zana Yunusa da kifinsa, kifin mai kama da na zanen Sinawa. Amma abin lura ya wuce halacci ko haramci. Ko inda babu hoto sam, kifin ne ke tsaya wa mutane a rai. Alƙur'ani ya kira shi Zunnun a Suratul Anbiya, ya kira shi ma'abocin kifi a Suratul Ƙalam, kuma yaron da ya ji labarin a makarantar allo da dare, kifin zai fara faɗa in aka tambaye shi. Duk da haka Alƙur'ani bai manta da sauran ba. Surar da ke ɗauke da sunan Yunusa ta ware mutanensa a matsayin alƙaryar da ta yi imani imaninta ya amfane ta, Suratus Saffat kuma ta ambaci tsiron da aka tsirar a kansa, yaƙɗin, wanda masu tafsiri suka fi fassarawa da dangin kabewa da duma. Sai dai wurin tsiron ya bambanta. A Alƙur'ani ya zo ne bayan an jefa shi a fili yana mara lafiya, rahama ce ga jikin da ya sha wuya. A littafin Ibrananci ya zo bayan tuban Nineba, darasi ne ga zuciyar da ta ƙi yafewa.

Wannan tsiro yana da nasa tarihin, kuma ya girmi kifin Biblia pauperum da fiye da shekara dubu. A maƙabartun ƙarƙashin ƙasa na birnin Roma, inda Kiristan ƙarni na uku da na huɗu suka binne matattunsu, Yunusa yana cikin waɗanda aka fi zanawa a bango. Sau da yawa a mataki uku ake nuna shi: an jefa shi, dodon teku ya amayo shi, sannan ga shi kwance yana hutawa ƙarƙashin rumfar duma, ƴaƴan suna reto a kansa. Mutane sun saba da dumar nan har ta zama kamar aya. Saboda haka da Jerom, malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin daga Ibrananci yana zaune a Baitalami, ya zo kan kalmar kikayon, ya ƙi rubuta cucurbita, wato duma, kamar yadda tsofaffin fassarori suka yi, ya rubuta hedera, sunan wani tsiro mai hawa bango a ƙasashen sanyi, sai rigima ta tashi. Agustin, limamin Hippo a Aljeriya ta yau, ya rubuta masa wasiƙa a wajejen shekara ta 403 yana ba shi labarin abin da ya faru a garin Oea, wato Tarabulus ta Libiya: wani limami ya karanta sabuwar fassarar a coci, jama'a suka yi ca a kansa don kalmar ba ita ce suka gada ba, aka je aka tambayi Yahudawan garin, a ƙarshe dole limamin ya koma ga tsohuwar kalma don kada ya rasa mabiyansa. Jerom ya mayar da amsa cikin zafi irin nasa. Ya ce tsiron ba duma ba ne, ba kuma hedera ba ne sosai, wani ɗan itace ne mai faɗin ganye da ke girma da sauri a Falasɗinu, yana tsayuwa da kansa ba tare da jingina ba, Latin ba ta da sunansa. Masana da yawa a yau suna ganin zurma yake nufi, wadda duk manomin ƙasar Hausa ya san yadda take tashi cikin damina ɗaya ta wuce tsayin mutum.

Ana iya yi wa mutanen Oea dariya, a ce sun tayar da tarzoma a kan kabewa. Amma su ba ilimin tsirrai suke karewa ba. Abin da suka ji daga bakin iyayensu, suka kuma gani a kaburbura da fitilunsu, shi ne wani malami daga nesa ya zo ya canza da kalma ɗaya. Jerom yana da gaskiya a nahawu, su kuma sun san abin da suka rasa.

Durer bai sami ganin balen ba, amma dumar ta shiga aikinsa. A 1514 ya zana a tagulla hoton Jerom zaune a ɗakin karatunsa, hasken taga yana faɗowa a bango, zaki da ɗan kare suna kwance a gaba. Daga azarar ɗakin, kusa da kan mai fassara, ya rataye wata ƙatuwar duma da ganyenta da igiyarta. Masana tarihin zane suna ganin ba ado ba ce, tunatarwa ce ga waccan tsohuwar gardama, wadda malaman zamanin Durer suka sani sarai domin a lokacin ana ta tattara wasiƙun Jerom ana bugawa. Idan haka ne, to a wannan hoto da babu Yunusa a cikinsa, babu kifi, babu jirgi, an fi kusantar babi na huɗu na littafinsa fiye da shafukan da suka zana shi da sunansa. Jerom ya sunkuya yana rubutu, kalmar da ya ƙi tana rataye a samansa.

Mutumin da ke zaune gabas da birni ya dawo cikin hotuna ne da zamanin Martin Luther. Luther ya so talaka ya karanta littafi da harshensa, daga farko har ƙarshe, kuma labarin da aka karanta dukansa yana neman a zana shi dukansa. A 1526, shekara ɗaya bayan yaƙin manoma da aka zubar da jinin dubban mutane a Jamus, ya buga sharhinsa a kan Yunusa a Wittenberg, inda ya fi mayar da hankali ga annabin da ya gudu da lamirin da ke cizonsa. Hotunan wannan zamani, har da na cikakken Littafi Mai Tsarki na Jamusanci da Hans Lufft ya buga a 1534, sukan tara matakan labarin a fili ɗaya: ga jirgi can cikin teku, ga kifi a gaɓa, ga birni da ganuwarsa, ga kuma mutum zaune ƙarƙashin tsiro. Kifin yana nan, amma ya zama ɗaya daga cikin abubuwa.

Wanda ya fi zama da wannan mutumin shi ne Maarten van Heemskerck na Haarlem. A 1561 ya zana Yunusa ƙarƙashin dumarsa da fenti, hoton yana cikin taskar gidan sarautar Ingila, kuma cikin shekarun nan ne Philips Galle ya sassaƙa jerin zanensa na labarin Yunusa a tagulla aka buga. Heemskerck ya yi shekaru a Roma yana zana kufai, don haka Ninebarsa cike take da ginshiƙai da hasumiyoyi irin na tsohuwar Roma, birni mai kyau wanda ido zai ƙi a rushe shi. A nan ne ƙwarewarsa take: mai kallo yana zaune inda annabin yake zaune, yana ganin abin da yake gani, sai dai ba lalle ya so abin da yake so ba. Tagulla ta fi itace laushin layi, tana iya fitar da murtukewar goshi da ɗaurewar tsokar hannu, abin da masassaƙin 1460 ba zai iya ba ko da an nema daga gare shi. Duk da haka akwai iyaka. Ana iya zana mutum yana fushi, amma da wuya a zana dalilin fushin, wato cewa yana jin haushi ne don an yafe wa wasu. Wannan sai an karanta, ko an ji daga bakin wanda ya karanta.

Nineba kanta ta faɗi a shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa, ta zama tuddai biyu a hayin kogi daga birnin Mosul na Iraƙi. A kan ɗaya daga cikin tuddan aka gina masallacin Nabi Yunus, inda mutanen garin suka yi imani nan kabarinsa yake, Musulmi da Kirista suna kai ziyara ƙarni bayan ƙarni. A ranar 24 ga Yuli 2014 ƴan ƙungiyar Da'ish suka tarwatsa shi da nakiya. Bayan an kore su a 2017, aka tarar sun haƙa ramuka a ƙarƙashin tudun, kuma a cikin ramukan masu binciken tarihi suka ga sassaƙen dutse da rubuce-rubucen fadar sarakunan Assuriya, jikokin mutanen da aka aiki Yunusa gare su. Waɗanda suka san masallacin kafin rushewarsa suna ba da labarin wani abu da ake ajiye a ciki ana nuna wa baƙi, ana cewa haƙorin kifin ne.